Me ya sa agogon cocin ƙauye a Ingila yake zama a karkace a jikin hasumiya?

Wani ɗan'uwa da ke karatu a Ingila ne ya aiko da tambayar. Ya ce duk ƙauyen da ya ratsa sai ya ga tsohon coci na dutse da hasumiya, a jikinta kuma agogo, amma sau da yawa agogon ba ya tsakiya, wani ya toshe rabin taga, wani ma hannunsa ɗaya tak. Yana so ya san ko tare aka gina su, shekarunsu nawa, kuma me ke juya su tun kafin zuwan lantarki.

Malam, ba tare aka gina su ba. Akasarin hasumiyoyin nan an gama su kafin 1540, fuskokin agogon da kake gani kuwa yawancinsu tsakanin ƙarni na 17 da ƙarshen na 19 aka liƙa su. Tsakanin magini da mai agogo akwai shekara 200, wani wurin 500, wani wurin fiye da haka. Magini bai bar wa agogo gurbi ba saboda ƙararrawa ya yi wa ginin, agogo baƙo ne da ya zo daga baya ya raɓa inda ya samu. Duk karkatar da ka lura da ita daga nan ta samo asali.

Bari mu shiga cikin hasumiyar tukuna. Galibi hawa uku za ka tarar. A ƙasa, ko a benen farko, ɗakin masu jan igiyar ƙararrawa ne. Can sama ɗakin ƙararrawar kanta, wanda za ka gane daga waje da manyan tagogi marasa gilashi, an jera musu alluna a karkace domin sauti ya fita, ruwan sama kuma kada ya shiga. Tsakanin biyun akwai wani ɗaki mai duhu, da 'yar taga ɗaya ko biyu, wanda ke rage ƙarar da ke sauka a kan masu ja. A wannan ɗaki na tsakiya injin agogo ya fi samun masauki, don shi ne ba a aikin komai a cikinsa.

Cocin a miƙe yake daga yamma zuwa gabas. Inda limami ke tsayawa yana gabas, hasumiya kuwa a mafi yawan ƙauyuka tana yamma. Tsohuwar al'adarsu ta raba nauyin ginin gida biyu: gyaran ɓangaren gabas yana wuyan wanda ke karɓar ushirin amfanin gona, zauren jama'a da hasumiya suna wuyan mutanen gari. Shi ya sa hasumiya ta zama inda ƙauye ke nuna ƙarfin aljihunsa, yana gasa da maƙwabta, kuma shi ya sa da agogo ya zo aka ɗauke shi kayan gari baki ɗaya, har da waɗanda ba sa taka ƙafa cocin.

Shekarun hasumiya ana karanta su a jikin dutsenta. Ta Earls Barton a Northamptonshire tun ƙarshen ƙarni na 10 take, kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila a 1066. Bangonta an yi masa ado da siraran duwatsu a tsaye da a gicciye, kai ka ce kafinta ne ya tsara da katako. Fuskar agogon da ke jikinta yau ƙanwar bayanta ce da ɗaruruwan shekaru. Normawa sun zo da bango mai kauri, ƙananan tagogi, da bakan saman ƙofa da taga mai zagaye kamar rabin faifai, irin wanda za ka gani a Iffley kusa da Oxford, ginin wajen 1160 zuwa 1170. Daga ƙarshen ƙarni na 12 baka ya yi tsini, bango ya rage kauri, taga ta ƙara tsawo, a yankunan da ke da dutse mai daɗin sassaƙa kamar Northamptonshire da Lincolnshire aka riƙa ɗora wa hasumiya dogon kai mai tsini. Bayan annobar 1348 zuwa 1349 sai salon miƙaƙƙun layuka ya mamaye ƙasar: manyan tagogi da aka rarraba da sandunan dutse a tsaye, saman hasumiya a shafe, da haƙoran ganuwa da zankwaye a kusurwoyi huɗu. Yawancin hasumiyoyin da suka burge ka na wannan zamani ne, kuma kuɗin ulu da saƙa ne suka gina su. Ta Lavenham a Suffolk, mai tsawon kimanin ƙafa 140, an kammala ta wajen 1525, da kuɗin iyalin Spring, attajiran tufafi, da na gidan sarautar de Vere. A Somerset ma haka, irin ta Huish Episcopi.

Idan hanya ta kai ka Norfolk za ka ga wasu hasumiyoyi kewayayyu kamar rumbu. A duk Ingila akwai kimanin 185, fiye da 120 daga ciki a Norfolk suke. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, yankin ba shi da dutsen sassaƙa, sai dunƙulen dutsen ƙyastu, wanda yin kusurwa da shi wahala ne, sai magina suka kauce wa kusurwar gaba ɗaya. Ka ƙiyasta wahalar wanda aka ce ya liƙa shafaffiyar fuskar agogo a kan bango mai lanƙwasa.

Bayan Sarki Henry na 8 ya ɓalle daga cocin Roma a 1534, ya kuma rushe gidajen ruhubanawa tsakanin 1536 da 1540, ginin sababbin hasumiyoyi a ƙauyuka ya ja baya ƙwarai. Ke nan an gama ginin kafin agogo mai fuska ya yaɗu.

To kafin agogo da me suke sanin lokaci? Idan ka sake zuwa wani tsohon coci, ka zagaya bangon kudu, kusa da ƙofa, daidai tsayin ƙirjinka. Sau da yawa za ka ga ɗan rami a jikin dutse, da layuka da aka karce suna fita daga cikinsa suna yin ƙasa, duka faɗinsu bai fi tafin hannu biyu ba. Tsinke ake sokawa a ramin, inuwarsa in ta hau kan layi an san lokacin ibada ya yi, sai a ja ƙararrawa. Dubban irin waɗannan agogunan inuwa sun rage har yau. Mafi shahara shi ne na Kirkdale a arewacin Yorkshire, wanda aka sassaƙa da kyau a saman ƙofa, da rubutun da ke cewa Orm ɗan Gamal ya sayi cocin yana kango ya sake gina shi a zamanin Sarki Edward da Tostig mai mulkin yankin. Wannan rubutu ya tsayar da shekarunsa tsakanin 1055 da 1065. Matsalar ita ce Ingila ƙasar gajimare ce, ana iya yin mako rana ba ta leƙo ba.

Agogon ƙarfe ya fara ɓulla a manyan gidajen ibada. Akwai rubutaccen bayani na wani a Dunstable a 1283. Wanda ke babban cocin Salisbury ana jingina shi ga 1386, an gano shi a yashe cikin hasumiya a 1928, aka gyara shi a 1956, ko da yake wasu masana agogo suna ganin bai kai wannan tsufa ba. Ka lura da abu ɗaya game da shi: ba shi da fuska, ba shi da hannu. Aikinsa kawai ya ɗaga guduma ya bugi ƙararrawa duk awa. Haka agogunan farko na ƙauyuka suke. Manomin da ke gona mil ɗaya daga coci ba zai hango lamba ba, amma kunnensa zai ƙirga bugu. A East Hendred, wanda yanzu yake cikin Oxfordshire, akwai agogo marar fuska da ake jingina wa shekarar 1525, yana buga awa, yana kuma kaɗa wani sautin yabo da ƙararrawa duk bayan awa uku. Kana iya tsayawa a gindin hasumiyar ka rantse babu agogo a ciki.

Yanzu ga yadda abin ke aiki, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin wanda ya gane wannan ya gane sauran.

Nauyi ne ke juya shi. Akwai ganga ta katako ko ta ƙarfe da aka naɗe wa igiya, a ƙarshen igiyar an rataye dutse, ko dalma, ko ƙarfen zubi. Nauyin yana son faɗuwa, yana jan igiya, ganga tana juyawa, tana tura wili mai haƙora, shi kuma yana tura na gaba da shi. Da za a bar shi haka, cikin 'yan daƙiƙu nauyin zai faɗi ƙasa igiya ta ƙare. Gwanintar duka tana wurin wani ɗan ƙarfe da ke tare wilin ƙarshe, ya riƙe, ya saki haƙori ɗaya, ya sake riƙewa. Bari mu kira shi mariƙi. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji a agogo ƙarar mariƙi ce. A agogunan farko, abin da ke ba mariƙi lokaci wata sanda ce a kwance mai ƙananan nauyaya a gefe biyu, tana kaiwa tana komowa. In agogo yana sauri a matsar da nauyayan waje, in yana nawa a matso da su ciki. Ba shi da tabbas, kuskuren kwata ɗaya na awa a yini ba abin mamaki ba ne, dole mai kula da shi ya riƙa daidaita shi da agogon inuwa duk ranar da rana ta fito.

Ɓangaren bugu injinsa daban, da gangarsa da nauyinsa, yawanci ma ya fi na tafiya nauyi saboda guduma yake ɗagawa. Yadda yake sanin bugu nawa zai yi abin sha'awa ne. Akwai wani faifan ƙarfe da aka yi wa tsaga a gefe, tazarar da ke tsakanin tsaga da tsaga tana ƙaruwa: gajeriya ta ƙarfe ɗaya, ta biyu ta ɗan fi ta, har zuwa mafi tsawo ta sha biyu. In awa ta cika, injin tafiya ya ɗaga wani ɗan hannu daga cikin tsaga, injin bugu ya kama aiki, guduma tana ta sauka har sai hannun ya faɗa tsaga ta gaba. Bugu 78 ke nan a zagaye ɗaya, 156 a yini da dare. Don kada ya yi ta bugu a guje, an sa masa fanka mai fukafukai biyu da iska ke riƙewa. Aibin wannan tsari shi ne faifan bai san abin da hannun agogo ke nunawa ba. In ya kuskure sau ɗaya, zai ci gaba da buga ƙarfe huɗu alhali biyar ta yi, har sai wani ya hau ya daidaita. Idan ka taɓa jin agogon ƙauye yana bugun da bai dace da fuskarsa ba, yawanci dalilin ke nan.

Maƙeran gari ne suka ƙera na farko-farko. Firam ɗin sandunan ƙarfen ƙira ne da aka haɗa kamar keji, a mafi tsufa ma ba noti ba kusa mai zare, sai 'yan ƙarafa da ake bugawa a matse mahaɗa. In ka duba da kyau za ka ga sawun guduma a jikin sandunan, haƙoran wili kuma da zarto aka fitar da su ɗaya bayan ɗaya, ba su zama daidai da juna ba.

Babban sauyi ya zo ne da lilo. Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya haɗa agogo mai sandar lilo a 1656, wajen 1670 kuma masu agogo a Ingila suka fito da sabon mariƙi mai siffar ƙugiyar jirgin ruwa, wanda ya ba da damar amfani da doguwar sanda mai lilo kaɗan. Tsawon sanda ne ke yanke lokaci: mai kusan mita 1 tana ɗaukar daƙiƙa 1 daga gefe zuwa gefe, mai kusan mita 4 tana ɗaukar daƙiƙa 2. Kuskure ya sauko daga kwata na awa a yini zuwa abin da bai kai minti ba. Kusan duk tsofaffin agogunan coci an cire musu tsohuwar sanda an sa lilo, shi ya sa samun wanda ba a taɓa ba yake da wuya. Na ɗakin ibadar gidan Cotehele a Cornwall, na wajen 1500, yana cikin 'yan kaɗan da suka tsira da tsarinsu na asali. A Rye kuwa, a Sussex, injin na 1561 zuwa 1562 ne, amma doguwar sandar lilon da ke kaiwa da komowa a saman kawunan masu ibada daga baya aka ƙara ta.

Wannan ya amsa maganar hannu ɗaya. Agogon da ke ɓata kwata a yini, sa masa hannun minti ƙarya ce kawai. Hannu ɗaya ya wadatar, an raba tsakanin lamba da lamba gida huɗu, ka karanta kwata, rabi, saura kwata. Ko bayan zuwan lilo ƙauyuka da yawa ba su ga dalilin ƙarin kashe kuɗi ba. Wanda ya fi kowanne suna shi ne na Coningsby a Lincolnshire, na ƙarni na 17. Fuskarsa a jikin bangon aka zana ta da fenti, faɗinta ƙafa 16 da rabi, hannun kusan ƙafa 9, ana karanta shi daga nesa ƙwarai.

Sai karkatar. Injin yana ɗakin tsakiya, fuska tana waje, dole a sami sandar ƙarfe da za ta ratsa bango ta haɗa su. Bangon hasumiya yakan kai kaurin mita ɗaya ko fiye, na dutse da ɓaraguzai. Huda shi aiki ne, kuma ana tsoron taɓa lafiyar gini mai ɗauke da tan-tan na ƙararrawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi ta tagar da ke akwai, sai fuska ta zauna a kan tagar ta rufe ta, ko ta rufe rabinta. Wani wurin matakalar dutse mai murɗawa ta cinye kusurwa ɗaya, ko ginshiƙin da ke tokare bango ya tsaya a hanya, sai a matsa gefe. Nauyin ma yana buƙatar rami mai zurfi da zai sauka, musamman a agogon da ake wanawa sau ɗaya a mako, inda ramin ya samu nan injin zai zauna, fuska kuma ta bi shi. Sannan akwai tambayar wa ake so ya gani. Ana juya fuska wajen titin gari, ko kasuwa, ko gidan attajirin da ya biya kuɗin, ko da hakan ya ɓata tsarin ginin. Ƙa'idar masu sana'ar a ƙarni na 19 ita ce faɗin fuska ya zama kashi ɗaya cikin goma na tsayinta daga ƙasa, wato mai tsayin ƙafa 50 tana son faɗin ƙafa 5. Magini na ƙarni na 14 bai bar fili mai wannan faɗi ba. Don rage ɓarnar ne aka riƙa yin fuska ta zoben ƙarfe zalla, marar bango, wadda ake hango dutse da taga ta cikinta. A ganina ita ce ta fi mutunta tsohon gini, ko da yake ta fi wuyar karantawa da magariba in an gwada da baƙa ko shuɗiya mai lambobin ruwan zinari.

Mafi yawan injinan da ke aiki a ƙauyuka yau na zamanin Sarauniya Victoria ne, kuma jirgin ƙasa ne sila. Kafin shi kowane gari da lokacinsa, gwargwadon tsayuwar rana a kansa. Kowane digiri ɗaya zuwa yamma jinkirin minti 4 ne, shi ya sa Oxford take bayan Landan da minti 5, Bristol da minti 10. Mu wannan ba baƙon abu ba ne, kowa ya san mutanen Maiduguri suna riga na Sakkwato shan ruwa da kusan rabin awa. Mai tafiya a kan doki bai damu ba, amma jadawalin jirgi ba ya yiwuwa da lokaci iri-iri. Kamfanin Great Western ya koma lokacin Landan a 1840, sauran suka bi a ƙarshen shekarun 1840, aka fara aika lokacin Greenwich, wato na Landan ɗin, ta wayar tangaraho a 1852, doka ta tabbatar da shi ga Birtaniya a 1880. Daga nan minti ya zama abin lissafi ko a ƙauye, tsohon agogon maƙeri mai hannu ɗaya ya zama abin kunya.

Kamfanoni suka karɓe sana'ar: Potts na Leeds, Joyce na Whitchurch, Gillett na Croydon, Smith na Derby wanda aka kafa a 1856 kuma har yanzu yana gyaran agogunan coci. Maimakon keji, injinsu a kan shimfiɗaɗɗen gadon ƙarfen zubi yake, kowane wili ana iya cire shi ba tare da an wargaza sauran ba. Mafi kyawunsu suna da mariƙin da Edmund Beckett Denison ya tsara wa babban agogon majalisar dokoki a Landan, wanda ya fara aiki a 1859. Matsalar da ya warware ita ce, hannayen agogon hasumiya a waje suke, iska tana tura su, ƙanƙara tana danne su, tsuntsu yana sauka a kansu, duk wannan yana komawa ta cikin wili ya dami lilo. A tsarin Denison wili ba ya tura lilo kai tsaye. Yana ɗaga wani ɗan hannu ne zuwa tsayi ƙayyadadde, hannun ya sauko da nauyin kansa ya tura lilo, turi iri ɗaya kullum, ko ana guguwa ko ba a yi.

Bukukuwa ma sun taimaka. Cikar Victoria shekara 50 a kan mulki a 1887, da 60 a 1897, ƙauyuka da yawa sun yi karo-karo sun sayi agogo. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya wasu sun sa shi don tunawa da 'ya'yansu da suka mutu. A Baslow ta Derbyshire, maimakon lambobi an rubuta VICTORIA 1897, harafi takwas da lamba huɗu, sha biyu cif. A Whitgift ta Yorkshire XIII ne a gurbin XII. A Old Brampton mai fenti ya zana minti 63. Wanda ya fi burge ni shi ne na Wootton Rivers a Wiltshire: a 1911, lokacin naɗin Sarki George na 5, kuɗin ƙauyen bai kai na kamfani ba, sai wani mutumin garin, Jack Spratt, ya ce a tara masa tarkacen ƙarfe, su gadaje da kayan gona da suka mutu, ya haɗa agogo da su.

Kula da irin wannan agogo aiki ne na kullum. Tsofaffin kowace rana ake wana su, na baya-bayan nan mako-mako. Mutum ya hau matsattsiyar matakala, ya sa hannun juyi a ganga, ya yi ta murzawa har nauyin da kan kai kilo ɗari da wani abu ya dawo sama. Da zafi sandar lilo ta ƙarfe takan ƙara tsawo, agogo ya yi nawa, da sanyi ta tsuke ya yi sauri, mai kuma ya daskare. Don gyaran da bai kai a taɓa noti ba, tsofaffin kwabbai ake ɗorawa a kan lilon ko a rage. Tun 1916 kuma an ƙara musu aikin canjin lokaci sau biyu a shekara: a tsarin yanzu, a ƙarshen Maris a tura gaba da awa ɗaya, a ƙarshen Oktoba a tsayar da lilo a jira awa ta wuce, don injin bugu ba ya son a mai da shi baya. Kafin masu jan ƙararrawa su fara, dole a janye gudumar agogo a ɗaure, saboda a salon Ingila ƙararrawa juyawa take yi zagaye guda, in ta tarar da guduma a hanya wani abu zai karye. Igiya ma takan tsinke, shi ya sa za ka ga akwatin yashi ko tarin tsofaffin tayoyi a gindin ramin nauyi.

A tsakiyar ƙarni na 20 an yi ɓarna mai yawa. Da masu wanawa suka yi ƙaranci, sai aka riƙa cire injin gaba ɗaya a sa ƙaramar motar lantarki a bayan fuska, tsohon kuma a sayar wa 'yan gwangwan ko a bar shi yana tsatsa a lungu. Daga ƙasa ba za ka ga bambanci ba, amma abin da ya sa agogon ya zama abin tarihi ya tafi. Yanzu an fi hankali. Cocin Ingila yana da gine-gine kimanin 16,000, fiye da 12,000 suna cikin rajistar kariyar gine-ginen tarihi, kuma ba a taɓa agogo sai da izinin hukumar cocin yankin, wadda galibi take da mai ba ta shawara kan agoguna. Abin da aka fi yarda da shi shi ne a bar injin yadda yake, a ƙara masa 'yar mota da ke ɗaga ƙaramin nauyi da kanta, ba tare da an huda ko an yanke wani abu na asali ba, yadda in an ga dama gobe za a kwance ta. Ni ina goyon bayan wannan, duk da na san yana da nasa aibi: in ba mai hawa kowane mako, ba mai lura da yoyon rufi ko sheƙar tsuntsu sai abu ya lalace. Kuɗin gyara kuwa sau da yawa majalisar ƙauye tana sa hannu, domin wata dokar 1957 ta ba ta ikon kashe kuɗi a kan agogon jama'a.

In kana son sanin shekarun wani agogo takamaimai, kada ka dogara da shekarar da aka rubuta a fuska, sau da yawa ta sabon fenti ce ko ta wanda ya ba da kyauta. Sunan maƙeri da shekara suna jikin injin, a kan gadon ƙarfen ko a kan ɗan faifan tagullar da mai wanawa ke duba lokaci da shi daga ciki. Nemi wakilan cocin ko shugaban masu jan ƙararrawa, sunansu yakan kasance a allon sanarwa a bakin ƙofa, kuma yawancinsu suna murna da mai tambaya. Ka sa takalmi mai riƙe ƙasa, ka tafi da tocila. In an bi da kai ta ɗakin igiyoyi kada ka taɓa ko ɗaya, domin wani lokaci ana barin ƙararrawa a tsaye bakinta sama, ja kaɗan zai kifar da ita, igiyar kuma ta yi sama da duk wanda ke riƙe da ita.